Koyon Zanen Mutanen Cikin Labari: Abin da Matasan Muchalla Za Su Samu a Littafi, da Wanda Sai Sun Fita Waje

A Muchalla, gundumar da ke gindin duwatsun Mandara a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa ta Jihar Adamawa, kamar sauran wuraren da wayar hannu ta isa, yaron da Allah Ya sa wa sha'awar zane yakan fara ne da kwaikwayon abin da yake gani a waya: 'yan katun ɗin Japan masu manyan idanu da gashi mai tsini, ko jaruman fina-finan Amurka masu murɗaɗɗen jiki. Wannan ba laifi ba ne, domin kusan duk mai zane da kwaikwayo ya soma. Matsalar takan fito fili ne ranar da aka ce masa ya zana kakarsa tana sheƙar dawa, ko makiyayi yana koro shanu zuwa kasuwar Mubi. A nan sai hannu ya cije, ko kuma a wayi gari da 'yar Japan ɗaure da zani.

Lamarin ya wuce na sha'awa kawai. Littattafan karatun yara na Hausa da Fulatanci, da na ƙananan harsuna irin su Fali da Gude da ake magana da su a ƙasar Mubi, suna buƙatar masu zane. Haka ma takardun faɗakarwa kan lafiya da noma, da bangon littattafan hikaya, da allunan shaguna. Yaron da ya buɗe littafi ya ga wadda ta yi kama da mahaifiyarsa yakan karɓi karatun da wuri fiye da wanda ya tarar da baƙin fuskoki. Mai zanen da ya iya fitar da mutanen yankinsa yadda suke yana da abin sayarwa da ba kowa ke da shi ba.

Ma'aunin jiki

Abin da littattafan koyon zane suka fi amfani a kai shi ne ma'auni. Masu zane suna auna tsawon mutum da tsawon kansa, daga tsakar ka zuwa haɓa. Baligi yakan kai kawuna bakwai da rabi, amma masu zanen jarumai sukan ja shi zuwa takwas domin ya yi kwarjini. Jariri ɗan shekara 1 bai wuce kawuna huɗu ba, yaro ɗan shekara 5 kuwa wajen shida. Rashin sanin wannan ne ke sa mai koyo ya zana yaro ya fito kamar dattijon da aka matse.

Akwai wasu ma'aunai da suka cancanci a haddace. Gwiwar hannu tana daidai da ƙugu. Idan hannu ya sauka, yatsu sukan tsaya a tsakiyar cinya. Tafin hannu da yatsunsa ya kusan rufe fuska daga haɓa zuwa goshi, duk da cewa masu koyo sukan ƙanƙanta shi saboda tsoron zana yatsu. Idanu kuwa suna tsakiyar kai ne, ba can sama kusa da gashi ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kai faɗin ido ɗaya. A fuskar ƙaramin yaro idanun sukan ɗan sauko ƙasa da tsakiya, goshi ya yi faɗi, kuma wannan ne ke ba fuskar yarinta.

Littafin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne Figure Drawing for All It's Worth na Ba'amurke Andrew Loomis, wanda ya fito a 1943, sai Drawing the Head and Hands na 1956. Dabarar Loomis ta zana kai mai sauƙi ce: a fara da ƙwallo, a shafce gefensa biyu kamar yadda ake yanke gefen lemo, a ja layin gira ya zagaye shi, sannan a rataya muƙamuƙi. Wanda ya ƙware a wannan zai iya juya kai ta kowace fuska ba tare da ya karkace ba. Sai dai Loomis mai zanen tallace-tallacen mujallun Amurka ne na zamaninsa, kuma mutanen da ya zana Turawa ne. Ƙashin kai da ya koyar na kowa ne, amma hanci da leɓe da gashin da ke shafukansa ba na mutanen Muchalla ba ne. Mai koyo ya ɗauki ginin, ya nemo fuskar a gida.

Tsayuwa kafin fuska

Kuskuren da ya fi yawa shi ne farawa da ido. Mai koyo zai ɓata rabin sa'a yana gyara gashin ido, sannan ya tarar babu wurin ƙafafu a takardar. Ƙwararru da layi ɗaya suke farawa, wanda ke bin kashin baya daga kai zuwa ƙafar da ke ɗauke da nauyi. Kimon Nicolaides, a littafinsa The Natural Way to Draw na 1941, ya gina koyarwarsa a kan zanen gaggawa, inda ɗalibi ke kama motsin mutum cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka, ba tare da damuwa da kyau ba, kuma ya maimaita sau ɗaruruwa.

A nan ne mazaunin Muchalla ya fi ɗalibin babban birni sa'a, domin motsin da ke gabansa kullum babu shi a littattafan waje. Matar da ta ɗauko ruwa a ka wuyanta a miƙe yake, bayanta a tsaye, kai ba ya motsi, ƙugu ne ke karɓar tafiyar. Idan hanyar ta hau dutse sai hannu ɗaya ya tashi ya dafa bakin mazubin. Mai goyo takan ɗan rusuna gaba domin ta daidaita nauyin da ke bayanta, kuma zanin goyon da majanyi sukan matse ƙirji su bar ƙafafun jaririn suna leƙowa ta gefen ƙugu. Manomi mai fartanya daga ƙugu yake lanƙwasawa, bayansa ya kusan shimfiɗewa, gwiwoyi a ɗan karye. Makiyayi yakan gicciya sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa biyu a kanta, malfa ta rufe rabin fuskarsa. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan daga nesa, ko da magariba ce, zai faɗi ko wane ne kafin ya ga fuska.

Wannan ne ma ya sa masu zanen katun ke yin gwajin inuwa. Sukan cike siffar mutumin da baƙi gaba ɗaya, su duba ko har yanzu ana gane shi da abin da yake yi. Idan tauraron labari da abokinsa suka zama abu guda bayan an cike su, to da sauran aiki.

Akwai kuma ƙa'idar daidaito. Idan mutum yana tsaye, ramin da ke gindin maƙogwaronsa yakan kasance daidai saman ƙafar da ya dogara a kanta, ko tsakanin ƙafafun idan ya raba nauyi. Zanen da ya saɓa wa wannan sai a ga kamar mutumin zai faɗi, ko da mai kallo bai san dalili ba.

Tufafi da fata

Littattafan waje sun cika da bayanin yadda kwat da wando ke naɗewa, amma ba su san babbar riga ba. Babbar riga daga kafaɗa take rataye, kuma halin mai ita yana bayyana ne a yadda yake tattaro hannuwanta ya aza a kafaɗa. Shadda mai sitaci tana karyewa da kusurwa mai kaifi tana ƙyalli, atamfar da ta sha wanki tana kwantawa, hijabi kuwa daga haɓa da tsakar ka yake zubowa da dogayen layuka masu laushi. Ko'ina ƙa'idar ɗaya ce: ninkin tufa yana tasowa daga inda aka rataye ta ko aka ja ta, wato kafaɗa, gwiwa, ƙugu ko ƙulli. Mai koyo ya fara zana jikin da fensir mara nauyi, sannan ya sanya masa tufa, in ba haka ba rigar za ta fito babu kowa a cikinta. Aikin wuyan riga irin su aska takwas, da zanen hula zanna, ba sai an bi kowane zare ba. Ishara kaɗan ta wadatar, musamman idan za a maimaita mutumin a shafi talatin.

Baƙar fata ita ce inda masu koyo da yawa ke karaya. Sukan dirje fuskar da fensir har ido da hanci su nutse. Alhali fata mai duhu tana mayar da haske sosai: goshi, karan hanci, saman kunci da leɓen ƙasa sukan yi sheƙi a rana. Dabarar ita ce a bar waɗannan wuraren da farin takarda tun farko, a shimfiɗa matsakaicin duhu a sauran fuskar da fensir 2B, a ajiye 4B ko 6B don ƙarƙashin haɓa, ramin ido da gefen da ba ya samun haske. Mataki uku na duhu sun isa. Tafin hannu da na ƙafa sun fi sauran jiki haske, abin da ake yawan mantawa. Idan kuma aikin na bugawa ne da baƙin tawada ko na fotokwafi, gara a yi inuwa da ƙananan layuka jere da a murje da yatsa, domin murjajjen fensir yakan zama dabbare a injin.

Dabbobi ma suna cikin labari, kuma kasuwar shanu ta Mubi, ɗaya daga cikin manya a Arewa maso Gabas, makaranta ce kyauta. A can ne ido zai bambance Gudali mai gajeren ƙaho da kauri, da farar Bunaji, da jar Rahaji mai dogayen ƙahoni, ya kuma ga inda tozo yake zaune a kan kafaɗa. Doki mai sukuwa ya fi ƙarfin ido. Sai a 1878, da Eadweard Muybridge ya ɗauki jerin hotunan doki a Kalifoniya, aka tabbatar cewa lokacin da ƙafafunsa huɗu ke barin ƙasa a tattare suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe gaba da baya ba kamar yadda masu zane suka daɗe suna yi. Hotunansa na mutane da dabbobi suna nan a intanet kyauta, kuma mai son zana hawan salla zai amfana da su.

Mutum ɗaya a shafuka da yawa

Bambancin mai zanen hoto ɗaya da mai zanen littafi shi ne maimaitawa. Kafin a fara labari, ana ware wa kowane mutum takarda guda: a zana shi ta gaba, ta gefe, ta baya da kuma a ɗan karkace, a ƙara fuskarsa cikin fushi, dariya, tsoro da mamaki, sannan a jera dukan mutanen labarin a layi ɗaya don a san wanda ya fi wani tsawo. Ana kuma ba kowa alama ɗaya ko biyu da ba sa canzawa, kamar wushirya, karkatacciyar hula ko ɗankunne. Kayan aikin ba su da tsada. Littafin rubutu, fensir HB, biro da gawayin murhu sun isa shekarar farko. Manhajoji irin su ibisPaint a waya da Krita a kwamfuta suna da amfani, amma ba sa gyara hannun da bai san ma'auni ba.

Tunanin haɗa dabarar waje da abin gida ba sabo ba ne a Najeriya. A 1958 wasu ɗaliban zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiya a kan wannan manufa. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Okeke ne ya yi zanen cikin wani bugu na Things Fall Apart na Chinua Achebe, Onobrakpeya kuma ya yi na An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi. A yau mai koyo zai iya nazarin zanen barkwancin Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust, ya ga yadda ake fitar da ɗan siyasa mai babbar riga da layuka kaɗan. Shafukan African Storybook da StoryWeaver kuma suna ɗauke da littattafan yara masu zane, har da na Hausa, waɗanda aka ba da izinin saukewa kyauta.

Ladabin aiki da doka

Zanen mutum a kasuwa ko ɗaukar hotonsa yana buƙatar izini, musamman mata da yara. A ƙasar Mubi abin ya ƙara nauyi tun bayan da 'yan Boko Haram suka mamaye garin a ƙarshen Oktoban 2014 kafin a fatattake su a watan Nuwamba. Baƙon da ya zauna yana kallon jama'a yana rubuce-rubuce zai jawo tambaya, don haka ya kamata a fara da 'yan gida da maƙwabta, a sanar da shugabannin kasuwa, a kuma nisanci shingayen jami'an tsaro. Akwai kuma waɗanda ba sa son a zana su saboda fahimtarsu ta addini game da surar abu mai rai, batun da malaman Musulunci suka yi maganganu mabambanta a kansa. Wanda ya ƙi, a ƙyale shi.

Ta fuskar doka, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare zane da hoton da wani ya ɗauka kamar yadda ta kare littafi da waƙa. Duba hoto don a fahimci yadda hannu ke riƙe sanda daban ne da ɗora takarda a kan zanen wani a bi layinsa a sayar. Kariyar ta shafi mai koyon shi ma: zanensa nasa ne tun daga ranar da ya yi shi, ba sai ya yi rajista ba. Idan marubuci ko wata ƙungiya suka ba shi aiki, ya dace a rubuta yawan zanen, da kuɗin, da inda za a yi amfani da su, da kuma ko sunansa zai fito a littafin, kafin ya miƙa ainihin takardun.