Hajji da Umara: Wa ya kamata ya yanki tikitin jirgi, kamfani ko maniyyaci da kansa?

Duk shekara idan watan Sha'aban ya kama, masu niyyar Umara daga Kontagora da sauran garuruwan masarautar, irin su Rijau da Mariga da Wushishi, kan shiga shawara a kan abu guda: ko su miƙa wa kamfanin jirgin yawo kuɗinsu ya haɗa musu biza da masauki da tikiti gaba ɗaya, ko kuwa su karɓi biza da masauki kawai, su yanki tikitin jirgi da kansu. Mafi yawa sukan auna lamarin da ma'aunin farashi. Sai dai akwai tambayar da ta fi farashi nauyi, wato wane ne zai ɗauki asara idan jirgi ya makara, ko aka soke tashinsa, alhali kwanakin ibada ba sa jiran kowa.

A aikin Hajji hanya biyu ce kawai

Ga mai niyyar Hajji, doka ta riga ta taƙaita zaɓin. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006, ita ce ke karɓar kason kujerun da Saudiyya ke bai wa Najeriya, ta raba su tsakanin hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi da kamfanonin jirgin yawo masu lasisi. A 2023 kujerun sun kai 95,000, inda jihohi suka samu 75,000, kamfanoni kuma 20,000. Manhajar Nusuk da ke bai wa mazauna Turai da Amurka damar yin rajistar Hajji kai-tsaye ba ta haɗa da Najeriya a wannan tsari ba.

Wanda ya biya ta Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Neja ba ya da ta cewa game da jirgin da zai hau ko ranar tashinsa. NAHCON ke tantance kamfanonin jigila, ta raba musu jihohi. A 2025 kamfanonin su ne Flynas da Max Air da Air Peace da Umza. Kuɗin kujera na wannan shekarar ga yawancin jihohin Arewa, har da Neja, ya kama Naira miliyan 8.4 da ɗoriya, kuma ya ƙunshi jirgi da masauki da abinci da kuɗin guzuri. Maniyyaci na jiran kiran sahunsa ne zuwa sansanin alhazai, ya tashi daga Minna ko Abuja gwargwadon tsarin shekarar. Jiran kan yi tsawo, amma nauyin kai shi ƙasa mai tsarki kafin a rufe filayen jiragen sama ga alhazai yana wuyan hukuma.

Akwai masu ƙoƙarin ƙirƙiro hanya ta uku, su shiga Saudiyya da bizar ziyara ko ta Umara, su laɓe har lokacin Hajji. Wannan kasada ce mai tsada. A 2025 Saudiyya ta sanya ranar 13 ga Afrilu a matsayin ranar ƙarshe ta shigar masu Umara, da 29 ga Afrilu ranar ƙarshe ta fitarsu, ta kuma yanka tarar da ta kai Riyal 20,000 ga wanda aka kama yana Hajji ba da izini ba, tare da kora da hana shiga ƙasar na shekara goma. A Hajjin 2024, lokacin da tsananin zafi ya yi sanadin rasuwar mutum fiye da 1,300, hukumomin Saudiyya sun bayyana cewa kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin Hajji, don haka ba su da tanti ko motar da za ta ɗauke su.

Umara ce ke da zaɓi

A Umara ƙofa ta fi buɗewa. Bizar Umara ga ɗan Najeriya kan biyo ta hannun kamfani mai lasisi da ke da abokin hulɗa a Saudiyya, kuma tun watan Yunin 2025 hukumomin ƙasar suka shardanta cewa sai an tabbatar da masauki a tsarin Nusuk kafin a ba da biza. Tikitin jirgi kuwa maniyyaci na iya barin kamfani ya saka shi a cikin ƙunshin da ya sayar masa, yana kuma iya saye da kansa a ofishin kamfanin jirgin sama ko ta intanet.

Amfanin barin komai a hannun kamfani shi ne mutum ɗaya ake tuhuma. Idan tashi ya ja baya da kwana biyu, kamfanin ne zai daidaita ranar shiga otal da motar da za ta tarbi matafiya a Jidda ko Madina. Kamfanoni kan kuma kama kujeru da yawa tun da wuri a kan farashin rukuni, abin da kan yi rana a goman ƙarshe na Ramadan, lokacin da tikiti ke tsada kuma yake wuyar samu. Ga dattawa, da waɗanda ba su taɓa hawa jirgi ba, da masu tafiya da iyali, zama cikin ayari da jagora sauƙi ne babba, musamman a filayen da ake yada zango.

Illarsa ita ce tikitin rukuni ba ya lanƙwasuwa. Sauya ranar dawowa kan yi wuya ko ya zo da tara, kuma sau da yawa kamfanin jirgin sama ba ya sauraron fasinja kai-tsaye, sai ya tura shi wurin wanda ya yanko tikitin. Haka nan maniyyaci ba ya ganin ainihin kuɗin jirgi a cikin jimillar da ya biya. Babban haɗarin kuwa shi ne faɗawa hannun ejan marar lasisi, wanda zai nuna takardar kama kujera a ce tikiti ne. Takardar kama kujera kan mutu cikin kwanaki kaɗan idan ba a biya ba. Tikitin gaskiya yana ɗauke da lamba mai alƙaluma 13, kuma ana iya duba shi a shafin kamfanin jirgin da sunan fasinja da lambar rajistarsa.

Mai yankar tikiti da kansa yana da 'yancin zaɓen rana da hanya. Ethiopian Airlines na bi ta Addis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira, Qatar Airways ta Doha, Turkish Airlines ta Istanbul, kuma dukkansu suna tashi daga Abuja. Yana iya sauka a Madina ya dawo ta Jidda, ya yi amfani da jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018 a kan tazarar kilomita 450 tsakanin Makka da Madina. Ɗan kasuwa da ke son tsayawa wata ƙasa a hanyar dawowa ma wannan hanya ce ta fi dacewa da shi. Amma duk abin da ya karkace a kansa zai ƙare: daren otal da aka biya ba a kwana ba ya tafi, motar tarba ta wuce, kuma kamfanin da ya yi masa biza zai ce jirgi ba ya cikin yarjejeniyarsu.

Tarkon tikiti biyu

Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu shirya tafiya da kansu shi ne haɗa tikiti biyu daga kamfanoni daban-daban. Misali, mutum ya sayi tikitin cikin gida daga Abuja zuwa Kano da safe, saboda ya samu mai rahusa daga Kano zuwa Jidda da yamma. Idan jirgin safe ya makara har na yamma ya tashi, kamfani na biyu zai rubuta cewa fasinja bai zo ba, kuma a ƙa'idar mafi yawan kamfanoni hakan na soke sauran zangon tikitin, har da na dawowa. Kamfani na farko kuwa alkawarinsa ya ƙare ne a Kano.

Idan dukkan zangon suna kan tikiti guda, lamarin ya sha bamban. Fasinjan da ya rasa jirginsa na biyu a Addis Ababa ko Alƙahira saboda makarar na farko, kamfanin ne zai sa shi a jirgi na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, kayansa kuma an riga an yi musu alama har zuwa Jidda. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ta shigar cikin dokokinta na sufurin sama, ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin asarar da jinkiri ko ɓatan kaya ya jawo, zuwa wani iyakantaccen adadi, sai dai idan ya nuna cewa ya yi duk abin da ya dace don kauce wa hakan. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, na da sashen karɓar koken fasinjoji. Diyya dai kan zo ne bayan watanni, lokacin da daren 27 ga Ramadan ya daɗe da wucewa.

Lissafin mutumin Kontagora

Babu jirgin fasinja da ke tashi daga Kontagora, don haka tafiyar kan fara ne a mota. Daga garin zuwa Minna ta Tegina da Zungeru kusan kilomita 200 ne, daga Minna zuwa Abuja ta Suleja kuma akwai wasu sa'o'i. Yanayin hanya da matsalar tsaro sun sa tafiyar dare ba abin so ba ce. Wanda jirginsa zai tashi da rana daga Abuja, abin da ya fi masa shi ne ya kwana a can, ya kuma saka kuɗin wannan kwana da na mota a cikin lissafinsa kafin ya ce tikitin da ya samu ya fi na kamfani araha. Mai bin kamfani shi ma ya tambaya tun farko daga wane gari ƙunshin ya fara, domin yawancinsu daga filin jirgi suke farawa.

Akwai kuma batun yanayi. Azumin 2025 ya fara ne a farkon Maris, kuma da yake shekarar Hijira na gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11, Ramadan na shekaru masu zuwa zai riƙa faɗowa cikin Fabrairu da Janairu da Disamba, wato tsakiyar hunturu. A wannan lokaci hazo kan rage nisan gani a filayen jiragen Arewa har a jinkirta tashi da sauka. Mai son riskar goman ƙarshe ya kamata ya bar tazarar kwana biyu ko uku tsakanin saukarsa da daren 21. Ranar dawowa ma tana buƙatar sarari, tunda Sallah na iya kamawa bayan azumi 29 ko 30.

Wannan ka'ida ba ta tsaya ga ibada ba. Kamfanonin jiragen ruwan yawon shaƙatawa, irin su Aroya na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda zuwa Bahar Maliya a Disamban 2024, suna da sa'ar barin tasha da ba ta sauyawa saboda fasinja ɗaya. A wannan harka ta duniya, kamfanoni da dama na sayar da tikitin jirgin sama tare da na ruwa, da alkawarin taimaka wa fasinja ya cim ma jirgin a tasha ta gaba idan an makara. Wanda ya shirya da kansa kuwa shawarar da aka saba ba shi ita ce ya isa garin tashi kwana guda kafin lokaci.

Abubuwan da ba sa cikin ikon kowa

Wasu matsalolin sun fi ƙarfin kamfani da fasinja baki ɗaya. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, ya rufe sararin samaniyar ƙasar, ya katse hanyar Khartoum, ya kuma tilasta wa jiragen alhazan Najeriya na wannan shekarar yin zagaye mai tsawo da ƙarin kuɗi. A Nuwamban 2023 kuma hukumomin Saudiyya sun soke bizar fasinjoji 264 da suka sauka a Jidda daga Najeriya, aka dawo da 177 daga cikinsu, inda ofishin jakadancin ƙasar ya ce bayanan da aka bayar wajen neman bizar ba su dace da nau'inta ba. Tikiti mai kyau ba ya gyara biza marar kyau, don haka ya kamata maniyyaci ya karanta nau'in bizar da aka buga masa da idonsa, ko ya ba wanda ya iya ya karanta masa.

Kafin a biya

Duk hanyar da aka zaɓa, akwai tambayoyin da ya dace a samu amsarsu a rubuce. Shin kamfanin na cikin jerin masu lasisi da NAHCON ke wallafawa? Wane jirgi ne, ta ina zai bi, kuma sa'a nawa za a yi a zango? A Madina za a sauka ko a Jidda, domin mai wucewa Makka daga Jidda zai ɗaura harami ne tun kafin jirgi ya wuce mikati, mai sauka a Madina kuwa sai a Zul Hulaifa? Nawa ne tarar sauya rana, kuma nawa za a mayar idan biza ba ta fito ba? Kilo nawa ne awon kaya? Sannan fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, sunan da ke kan tikiti ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, katin rigakafin shawara da sanƙarau kuma ya kasance a hannu, tare da yin allurar sanƙarau aƙalla kwana 10 kafin isa.

Ga mai zuwa karo na farko, ko tsoho, ko mai nufin goman ƙarshe, ƙunshin kamfani mai lasisi ya fi kwanciyar hankali ko da ya ɗan fi tsada. Ga wanda ya saba tafiya, yake da sararin kwanaki, kuma zai je a watannin da babu cunkoso kamar Rabi'ul Awwal ko Jimada, yankar tikiti da kansa na iya rage masa kuɗi, muddin ya haɗa zangonsa a kan tikiti guda, ya kuma jira fitowar biza ko ya sayi tikitin da ake iya sauya wa rana. Kuɗin kuma a tura su asusun banki mai sunan kamfani, a karɓi rasiɗi, domin shi ne hujjar da NAHCON ko kotu za ta nema idan rikici ya taso.