Yaƙin Nesa da Tikitin Mutumin Zango

Nima da Maamobi suna cikin unguwannin zangon da suka fi kusa da filin jirgin saman Accra, kuma da wuya ka sami gida a cikinsu da ba shi da wata hulɗa da filin nan. Wani yana tara kuɗin Hajji, wata tana zubin adashi don Umarar goman ƙarshe na azumi, wani ɗansa ne a Bronx ko Hamburg yake shirin zuwa gida Sallah, wani kuma ɗan kasuwa ne mai sarin kaya a Dubai. Yawancin tafiye-tafiyen nan ranarsu a ƙayyade take. Mai zuwa yawon shaƙatawa in an soke masa jirgi sai ya ɗaga zuwa wata mai zuwa, amma ranar Arfa ba ta jiran kowa, haka ma ɗaurin auren da aka riga aka raba goronsa. Tun daga 2023 kusan kowace shekara sai yaƙi ya sa an rufe sararin samaniyar wata ƙasa a kan hanyar da mutumin zango ke bi, alhali yadda muke sayen tikiti da yadda muke biyan kujerar Hajji suna nan yadda suke tun zamanin da hanya ke lafiya. Saboda haka duk sa'ad da aka rufe hanya, asarar a kan matafiyi take faɗawa, shi da ya fi kowa rauni a cinikin.

Mu fara da taswira. Tsakanin Accra da Jidda akwai kimanin kilomita 4,600, kuma miƙaƙƙiyar hanya tana ratsa Togo da Benin da Najeriya da Cadi da Sudan kafin a tsallake Bahar Maliya. Kusan ita ce hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna, ta Kano da Maiduguri da Darfur har gaɓar teku, wasu suka yi shekaru a kanta, wasu suka zauna a Sudan jikokinsu na can har yau. A ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi, faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Filin jirgin Khartum na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, har aka harbi wani jirgin kamfanin Saudia da ke shirin tashi. Aka rufe sararin samaniyar ƙasar saura kamar mako goma a hau Arfa. Dole jiragen alhazai su yi zagaye, ko ta arewa wajen Masar, ko ta kudu wajen Yuganda da Kenya da Habasha. Zagaye kuwa mai ne da lokaci da kuɗin da kowace ƙasa ke karɓa idan an ratsa samanta. A Najeriya abin ya fito fili: a watan Mayu kamfanonin jiragen saman ƙasar suka ƙi sa hannu a yarjejeniyar jigila da hukumar alhazai ta NAHCON sai da aka yarda da ƙarin dala 250 a kan kowace kujera, bayan maniyyata sun riga sun biya abin da aka ce su biya.

Ba a gama da wannan ba sai ga juyin mulkin Nijar a ranar 26 ga Yuli, inda Janar Abdourahamane Tiani ya hamɓarar da Mohamed Bazoum. Ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki, ta hana jiragen fasinja shiga da fita Nijar, ta kuma yi barazanar tura soja. Sojojin Yamai suka mai da martani da rufe nasu saman a ranar 6 ga Agusta, ba su buɗe ba sai 4 ga Satumba. A nan Accra, a barikin Burma, manyan hafsoshin ƙungiyar suka zauna a ranakun 17 da 18 ga Agusta suna tsara yaƙin da a ƙarshe ba a yi ba. Duk wanda ya dubi taswirar Afirka a wancan watan zai ga katanga daga Nijar zuwa Bahar Maliya, domin Sudan a rufe take, Libiya kuma manyan kamfanoni sun daɗe suna ƙaurace mata. Jiragen da ke tsakanin Turai da yankinmu suka ƙara tsawon tafiya, Air France ya dakatar da zuwa Bamako da Wagadugu, lokacin kuwa na hutun bazara ne, sa'ad da 'yan uwanmu na ƙetare ke kawo 'ya'yansu gida. Wanda iyayensa ke Tawa ko Dosso ya rasa hanyar sama, ta ƙasa ma aka toshe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya. 'Yan albasar kasuwar Adjen Kotoku, da motocinsu suka maƙale da kaya suna ruɓewa, sun fi kowa sanin wannan labari. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024.

Akwai kuma abin da mai sayen tikiti bai cika lura da shi ba. Gana ba ta da kamfanin jirgin sama na kanta: Ghana Airways ya durƙushe, wanda ya gaje shi ma ya tsaya a 2010. Mai zuwa Umara ko sari sai ya ya da zango a Dubai ko Doha ko Alƙahira ko Adis Ababa ko Istambul, don haka rikicin da ya taɓa ɗaya daga cikin biranen nan ya taɓa shi. A daren 13 ga Afrilun 2024, kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah, Iran ta kai wa Isra'ila hari, Jodan da Iraƙi da Labanan suka rufe samansu. A ranar 13 ga Yunin 2025 Isra'ila ta kai wa Iran hari ana tsakiyar kwaso alhazai zuwa gida. Kwana goma bayan haka Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin Amurka na Al Udeid da ke Ƙatar, ƙasar ta rufe samanta na 'yan sa'o'i, kuma kamfanin Qatar Airways da kansa ya ce jirage fiye da 90 ɗauke da mutum fiye da 20,000 aka karkatar a daren. Sa'o'i kaɗan ne, amma sai da aka ɗauki kwanaki ana warware cunkoson.

Wani zai ce kamfanoni na fakewa da guzuma su harbi karsana, suna kiran sunan yaƙi don su ƙara kuɗi. Akwai mai yin haka, amma tsoron na gaske ne. A 2014 an harbo jirgin Malesiya a saman gabashin Yukren, mutum 298 suka mutu. A 2020 sojojin Iran suka harbo jirgin Yukren jim kaɗan da tashinsa daga Tehran, mutum 176 suka halaka. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ba kowace ƙasa cikakken iko da samanta, in ta rufe babu matuƙin da zai shiga, in ma ba ta rufe ba kamfanin inshorar jirgi na iya ƙara kuɗi ko ya janye. Zagayen da ke ɓata wa fasinja rai shi ne ke kai shi gida da ransa.

Wani kuma zai ce darajar sidi ce matsalarmu, ba yaƙi ba. Yana da hujja: kujerar Hajji ta tashi daga sidi 39,000 a 2022 zuwa 75,000 a 2023, kuma faɗuwar sidi ce babban dalili. Sai dai tsadar da canji ya kawo ana sanar da ita kafin mutum ya biya, ya auna ko zai iya. Asarar rufe hanya tana zuwa ne bayan kuɗi sun bar hannu: an biya masauki a Makka, an sayi tikiti mai araha wanda ba a mayar da kuɗinsa, bizar kuma kwanakinta na tafiya. Idan kamfani ne ya soke jirgi, akan mayar da kuɗin tikitin ko a sauya rana, amma kuɗin ta hannun ejan ɗin da ya yanka tikitin suke komawa, ba hannun fasinja ba, kuma kamfanin jirgi ba ya biyan kuɗin masaukin da ba a kwana ba. Inshorar tafiya ma yawancinta ta cire yaƙi daga abin da take biya. A zango cinikin nan bisa amana ake yinsa, ejan ɗan unguwa ne, ana haɗuwa da shi a masallaci, neman takarda a wurinsa sai ya zama kamar zargi. Ejan na gari shi ma yana cutuwa da rashin takardar, domin ranar da aka rasa kuɗi babu abin da zai nuna ya wanke kansa.

Saura maganar ƙaddara, wadda ita ta fi saurin rufe bakin mutane. Gaskiya ne babu mai zuwa Makka sai wanda Allah ya kira. Amma malaman fiƙihu ba su tsaya nan ba. Sun sa amincin hanya cikin sharuɗɗan iko da ke wajabta Hajji, sun kuma yi bayanin hukuncin wanda aka tsare shi bayan ya ɗaura harami, suna kafa hujja da abin da ya faru a Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan hijira, sa'ad da aka hana Annabi (SAW) da sahabbansa shiga Makka suka dawo suka rama Umarar a shekara mai zuwa. Addinin da ya tanadi hukunci don ranar da hanya ta toshe ba zai hana a rubuta wa zai ɗauki asarar kuɗin a wannan ranar ba. Masu jiran gwamnati ta farfaɗo da jirgin saman ƙasar kuwa su sani ko da tutar Gana a jikinsa, saman Sudan in a rufe yake ba zai bi ba.

Ya kamata hukumar alhazan Gana ta bayyana tun ranar da ta sanar da farashin kujera abin da zai faru in hanya ta canza: ko za a nemi ƙari, ko akwai asusun da zai cike giɓin, da kuma wa'adin mayar da kuɗin wanda bai samu tafiya ba. Ofishin Babban Limamin Ƙasa da sarakunan zango suna da ƙimar da za su sa ejan-ejan na Umara su riƙa ba da takarda mai sharuɗɗa ba tare da kowa ya ji an zarge shi ba. Kai kuma maniyyaci, kafin ka miƙa kuɗin da ka yi shekaru kana tarawa, ka tambayi ta wane gari jirgin zai bi, ko tikitin ana sauya masa rana, da wanda zai biya masauki in an maƙale a hanya, kuma a rubuta maka amsar a takarda.