DARƁA: ƘWARON DA KE HAIHUWA BA DA NAMIJI BA

Manoman Attantane, da na sauran garuruwan Mayahi da Tasawa, kowa ya san darɓa. Ƴan ƙananan ƙwari ne baƙaƙe. Suna taruwa bisa tohon wake da gujiya, suna tsotse ruwan ganye. Yau ka ga kaɗan, bayan sati biyu sun rufe gona. Ina dalili?

Ga dalili. A ƙasarmu mai zafi, darɓar wake kusan duk mata ce. Mace ba ta bukatar namiji. Ba ta yin ƙwai. Haihuwa take yi, kuma mata kaɗai take haifa. Ɗiyar ma da ɗan ciki ake haihuwarta. Cikin kamar sati guda ta girma, ta fara tata haihuwar. In wuri ya yi musu kaɗan, sai masu fiffike su fito, iska ta kai su wata gona.

A shekarar 1740 wani masani na ƙasar Suwis, Charles Bonnet, ya gwada abin. Ya ware darɓa guda tun ranar da aka haife ta, ya rufe ta ita kaɗai. Cikin kwana 21 ta haifi ɗiya 95.

Masana sun gano cewa tun asali darɓa na da mace da namiji. A ƙasashen sanyi, kamar Faransa, har yanzu in hunturu ya matso sai maza su fito, mata su yi ƙwai. Ƙwan ne ke jure sanyi. Nan babu irin wannan sanyi, ga kuma ɗanyen ganye a fadamu da garake har cikin rani. Sannu a hankali, irin da ba ya jiran namiji ya fi yawa, don kowace ɗaya haihuwa take.

Wannan saurin ya taɓa jawo mana babbar hasara. Darɓa ce ke ɗaukar ciwon kuturtar gujiya daga gindi zuwa gindi. A 1975 ciwon ya halaka gonakin gujiya a jihar Maraɗi da arewacin Najeriya. Makiyaya ma abin ya shafe su: in gujiya da wake suka lalace, babu harawa.

To, ga abin yi:

1. A shuka gujiya da wuri, kada a bar fili da yawa tsakanin gindi da gindi.
2. A dinga duba toho da ƙarƙashin ganye, musamman in ruwa ya ɗauke. Inda tururuwa ke hawa da sauka, a duba sosai.
3. A tumɓuke gindin da ya kuturce, da gyauron gujiya na rani.
4. A daka ɗiyan dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da marece.
5. A tambayi malamin gona irin da ke jure ciwon. Cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, a Maraɗi, tana aiki bisa iri.

Ƴan'uwa, darɓa guda ta isa ta kafa gari. Kada mu jira ta yi jikoki. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.