Idan farashi ya zama sifili

A shekarar 2007, Kristina Shampanier da Nina Mazar da Dan Ariely suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a jami'ar MIT ta Amurka. Sun kasa cakulan iri biyu: mai tsada na Lindt a kan senti 15, da ɗan ƙarami na Hershey a kan senti ɗaya. Kashi 73 cikin ɗari na waɗanda suka saya Lindt suka zaɓa. Sai aka rage senti ɗaya daga kowanne, na Hershey ya zama kyauta. Ratar farashin tana nan yadda take, amma kashi 69 suka rungumi Hershey.

Dalilin da Ariely ya bayar shi ne, muddin akwai abin biya, komai ƙanƙantarsa, mutum yakan tsaya ya auna riba da hasara. Da zarar an ce kyauta, sai tsoron hasara ya gushe, lissafi ya bi bayansa. Ariely ya kawo misalin Amazon a littafinsa na 2008: da kamfanin ya fara kai kaya kyauta ga wanda cinikinsa ya kai wani adadi, ciniki ya ƙaru a ƙasashe da dama ban da Faransa, inda aka bar kuɗin kai kayan a kan faran ɗaya kacal. Da aka cire faran ɗin, Faransa ma ta bi sahu.

Gyara ba baƙon abu ba ne ga mai zuwa kasuwa. Amma gyarar mai tumatir a fili take, kana gani za a zuba maka, magana ta ƙare. Kyautar intanet kuwa tana da wutsiya. Wata guda na gwaji "kyauta" yakan zo da sharaɗin ka shigar da lambar katinka, ranar da ya cika a fara cirar kuɗi ba sallama. Wata manhajar ba ta karɓar ko sisi, lambar wayarka da tarihin abin da kake nema take kwasa.

Abin da ya fi damuna shi ne wahalar fita daga irin wannan tsari. A Yunin 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta maka Amazon a kotu bisa zargin shigar da mutane tsarinsa na biyan kuɗi mai suna Prime ba da cikakkiyar yardarsu ba, tare da toshe musu hanyar sokewa. A Satumban 2025 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5, wanda aka ware biliyan 1.5 daga ciki domin mayar wa masu sayayya.