Darma A Cikin Kifi

A ƙasar Amurka kamun kifi da fatsa ya zama wasa na gasa, kamar yadda mu ke da dambe ko kokawa. Mutum ya shiga jirginsa mai inji tun da asuba, ya yini a kan tafki, da la'asar ya kawo abin da ya kama a ɗora bisa ma'auni. Wanda kifinsa ya fi nauyi shi ya ci. Kuɗin da a ke bayarwa kuwa ba na wasa ba ne, wani lokaci har da sabon jirgi.

Ran 30 ga Satumba 2022 aka yi irin wannan gasa a Tafkin Iri, aka taru wurin awo a birnin Kilibilan na Jihar Ohayo. Waɗansu abokai biyu da suka saba cin gasa a wannan tafki suka kawo kifi biyar, irin wanda a ke kira woliyai. Shugaban gasar, shi ma masunci ne, ya dube su da ido ya ƙiyasta kowane zai yi laba 4 ko abin da ya ɗara kaɗan. Sai ma'auni ya nuna kusan laba 34. Ya taɓa cikin ɗaya, ya ji tauri. Ya sa wuƙa ya farke, sai ga dunƙulen darma ya faɗo. Da aka farke sauran aka sami darma guda 10, nauyinsu duka laba 7, tare da yankakken naman wani kifi da aka cusa a ciki. Da ba a gane ba, da sun tafi da kuɗi fiye da dala 28,000.

Maganar ba ta tsaya a bakin tafki ba. Cikin Maris 2023 suka amsa laifinsu a gaban alƙali, cikin Mayu kuma aka ɗaure kowannensu kwana 10, aka ci shi tarar dala 2,500, aka hana su kamun kifi shekara 3, aka kuma ƙwace jirginsu wanda kuɗinsa ya kai wajen dala 100,000. Wani zai ce kwana 10 a kan kifi biyar ai ya yi yawa. Ni ban ga haka ba. Sauran masu gasar kowa ya biya kuɗin shiga, ya sayi man jirgi, ya bar aikinsa da iyalinsa. Aljihunsu aka sa wa hannu, daidai da mai awon hatsi da ya buga gindin mudunsa ya lotsa.

To, me ya sa maguɗi ya ke da sauƙi a wannan wasa? A filin dambe idon kowa yana kan 'yan wasa. Mai fatsa kuwa yana can tsakiyar ruwa, daga shi sai abokinsa, ba alƙali ba 'yan kallo. Saboda haka yawancin dokokin gasar ƙoƙari ne na sa ido a inda ba ido. Wani Ba'amurke mai suna Ray Scott, wanda ya shirya gasarsa ta fari a Jihar Akansas a 1967, ya sa a riƙa jefa ƙuri'a a haɗa mutum biyu da ba su zaɓi juna ba cikin jirgi ɗaya, kowa ya zama mai tsaron ɗan'uwansa. Daga 1972 ya shigo da al'adar mai da kifi ruwa da ransa bayan awo, har a kan rage wa mutum nauyi in ya kawo matacce. A waɗansu gasa na yanzu ma'aikaci yana zaune cikin kowane jirgi da ma'auninsa, ya auna kifi nan take a sake shi, ba zarafin cusa masa kome.

Akwai kuma na'urar gane ƙarya, wadda a kan ɗaura wa wanda ya ci, tana bin bugun zuciyarsa da numfashinsa da guminsa sa'ad da a ke yi masa tambayoyi. Wannan kam ina shakkarta. Mai gaskiya yana iya rawar jiki don tsoro, gwanin ƙarya kuwa ya zauna shiru abinsa, shi ya sa kotuna da yawa a Amurka ba su karɓar shaidarta.

Kada mai karatu ya ce abin na Turawa ne kaɗai. A Argungu, inda a ke bikin kamun kifi tun 1934, ba fatsa a ke amfani da ita ba, homa ce da gora, dubban mutane su auka kogin Matan Fada a lokaci ɗaya da zarar an ba da alama. A 2008 wanda aka ce ya ci da kifi mai nauyin wajen kilo 66 an karɓe kyautarsa bayan an gane mataccen kifi ne aka shigo da shi ruwan. A can an ƙara wa kifi nauyi, a nan an kawo shi daga wani wuri, gama ma'auni nauyi kaɗai ya ke faɗa, ba ya faɗin inda kifi ya fito.

Wani lokaci kuma dokar ce da kanta ta ke sa mutum ya yi tagumi. A 1932 wani saurayi manomi, George Perry, ya kama kifin da a ke kira bas a Jihar Jojiya, aka auna shi a gidan waya ya yi laba 22 da oza 4. Zamanin yunwa ne da rashin kuɗi, sai ya kai gida aka cinye. Shekara 77 ba a amince da wani da ya kamo shi ba, sai a 2009 da Manabu Kurita ya kama nasa a Tafkin Biwa na Japan, ya ɗara na Perry da kusan oza 1. Ƙungiyar IGFA, wadda aka kafa a 1939, ita ke riƙe da littafin manyan kamu na duniya. Ta yi wata 6 tana bincike, har aka ɗaura wa Kurita na'urar nan, ba a same shi da laifi ba. Amma dokarta ta ce kifin da bai kai laba 25 ba sai ya ɗara na dā da oza 2 kafin a ce ya ture shi, domin ma'auni ya kan saɓa da ma'auni. Cikin Janairu 2010 aka rubuta sunan Kurita kusa da na Perry, aka ce sun yi kunnen doki: ɗaya an bincike shi wata 6, ɗaya kuwa ko ƙashin kifinsa ba a ajiye ba.