Nasser, Sadat da Mandela: Haihuwar 1918

Tambayi mutane wane ne babba tsakanin Gamal Abdel Nasser na Masar da Nelson Mandela na Afirka ta Kudu, za ka ji da yawa sun ce ai Nasser ya isa ya haifi Mandela. Alhali kuwa sa'anni ne. An haifi Nasser a Iskandariyya cikin Janairun 1918, Mandela ya biyo baya a watan Yuli a ƙauyen Mvezo, Anwar Sadat kuma ya zo a Disamba.

Abin da ke ruɗa jama'a shi ne ba lokaci ɗaya aka ji sunansu ba. Nasser ya yi sammako. Yana da shekara 34 ya jagoranci hafsoshin da suka tuɓe Sarki Faruk a 1952, Sadat ne ma ya karanta sanarwar juyin mulkin a rediyo. A 1956 Nasser ya ƙwace Mashigin Suez daga hannun Turawa. Ingila da Faransa da Isra'ila suka yi masa taron dangi, amma Amurka ta tilasta musu janyewa, sunansa ya cika ƙasashen Larabawa da Afirka. Kayen da Isra'ila ta yi masa a 1967 ya karya shi, ciwon zuciya ya ɗauke shi a 1970 yana ɗan shekara 52 kacal.

A lokacin Mandela na fasa dutse a tsibirin Robben, da ɗaurin rai da rai a kansa tun 1964.

Sadat da ya gaji Nasser, an raina shi da farko, ana ganin ba zai yi ƙarko ba. Sai ga shi ya tsallaka Suez da yaƙi a 1973, ya taka har Ƙudus a 1977, ya ƙulla sulhu da Isra'ila. Sulhun ya jawo masa lambar Nobel da kuma ƙiyayyar Larabawa. Wasu sojojinsa suka harbe shi ana tsakiyar fareti a 1981.

Sai a 1990 Mandela ya fito, bayan shekara 27 a tsare, kai ya yi furfura. Ya hau mulki a 1994 yana da shekara 75. A ganina abin da ya fi bambanta shi da sa'anninsa biyu shi ne saukarsa: su mutuwa ce ta raba su da kujera, shi kuwa wa'adi ɗaya ya yi ya miƙa wa Thabo Mbeki a 1999. Ya rayu har Disambar 2013.