Shiru Iri Iri Ne A Turanci

'Yan'uwa manoma, kusan dukan kayan aikin da ƙungiyoyinmu ke saye, da Turanci ake rubuta bayaninsu. Akwai waɗansu kalmomi da sukan rikita yaron da ke karanta mana takarda, domin a makaranta an koya masa cewa dukansu "shiru" ne. To, ba haka ba ne.

Mu fara da quiet. In likitan dabbobi ya rubuta cewa a bar sa marar lafiya quiet, ba nufinsa a hana shi kuka ba. Cewa ya yi a ɗaure shi a inuwa, a kori yara da karnuka, kada a ɗora masa karkiya sai ya warware. Watau hutu ne da kwanciyar rai.

Silent kuwa shi ne tsit, ba ƙara ko kaɗan. Daga nan aka sami silencer, wanda muke kira salansa. Amma wa ya taɓa ganin salansar da ta sa babur ya yi tsit? Mutanen Amurka muffler suke ce da ita, watau abin da ke danne ƙara, kamar mutum ya yi magana ta bayan amawali. A ganina sunansu ya fi gaskiya.

Ku lura da quieter a kwalin janareta ko injin ban ruwa. Wannan ɗan wutsiya na ƙarshen kalmar gwadi ne kawai: ya fi wani sauƙin ƙara. Wane ne wanin? Ba su faɗa ba. Ku nemi lamba. Ana auna ƙara da desibel, a takarda za ku ga dB. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. Daga 85 zuwa sama, in mutum yana shan ta awa 8 kullum, kunne yakan lalace sannu a hankali, ba ya kuwa gyaruwa. In lamba ta ragu da 10, kunne yakan ji kamar an raba ƙarar biyu. Mai kula da injin niƙan ƙungiya ya gwada wannan: in sai ya ɗaga murya kafin wanda ke tsaye dab da shi ya ji, to a saya masa abin toshe kunne.

Wadda ta fi damuna ita ce calm. Na taɓa tarar da wani sakataren ƙungiya yana gaya wa jama'a wai takardar maganin ƙwari ta ce a yi feshi ba surutu. Ashe calm ya gani. A kan mutum, kalmar tana nufin natsuwa. A kan yanayi kuwa, iska ce ta kwanta. A 1805 wani hafsan jiragen ruwa na Ingila, Francis Beaufort, ya tsara ma'aunin iska da ke tashi daga 0 zuwa 12. Matakin 0 shi ne calm, lokacin da hayaƙi ke miƙewa sama sak.

Abin da takardar ke gudu shi ne iska mai ƙarfi ta kwashe magani ta kai gonar maƙwabci, ko rijiya, ko fuskar mai feshin. Amma kada ku jira iska ta ɗauke ɗungum, gama a irin wannan lokaci ƙananan ɗigo sukan tsaya a sama kamar hazo, su sauka inda ba a so. Injin feshi mai batir ma, wanda ake yi wa auduga da wake aiki da shi, sai da 'yar iska yake kai magani kan ganye. Ku dubi itace: in ganye na motsi kaɗan, ana jin iska a fuska, ku yi feshi, iskar tana ɗauke maganin daga jikinku. In ƙura ta fara tashi, ku rufe gora ku koma gida.